Ɗakin ƙarƙashin falo da ake so a mayar situdiyo: soso da kwalin ƙwai za su tare ƙara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Tumfure, nan Gombe, ina waƙa, ina kuma buga kiɗa da fiyano da kwamfuta. Gidanmu a gangare aka gina shi, don haka akwai wani ɗaki a ƙarƙashin falon mahaifinmu. Bangonsa uku a cikin ƙasa suke, ɗaya ne ke kallon fili ta baya. Faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa ƙafa 14, tsayinsa ƙafa 8, samansa dekin ne, da ƙofar ƙarfe ɗaya da 'yar ƙaramar taga ta sama. Baba ya ba ni shi in yi situdiyo, amma da sharaɗin kada ya riƙa jin dum-dum a ƙarƙashin kujerarsa. Ni kuma idan na ɗora murya sai in ji dakan tsakar gida da gudun yara da janaretan maƙwabta duk sun shiga ciki. Abokaina sun ce in sayi soso da kwalin ƙwai in manne bangon gaba ɗaya. Kafin in kashe ɗan abin da na tara, ina neman shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin na aljihunka, domin yawancin waɗanda ke kirana sai sun gama manne ɗaki da soso sannan su kira, su ce maƙwabci har yanzu yana buga musu ƙofa.

Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: kada kiɗanka ya hau sama ya dami Baba, kuma kada hayaniyar gida ta sauko ta shiga makirfonka. Akwai na uku da ba ka ambata ba amma yana jiranka, wato yadda muryarka za ta riƙa yawo a cikin ɗakin kansa, ta daki bango ta dawo, har wanda ya saurari waƙar ya ji kamar a cikin randa aka rera ta. Na ɗaya da na biyu maganinsu ɗaya ne, shi ne tare sauti kada ya ƙetare bango. Na uku maganinsa daban, shi ne shanye amsa-kuwwa a ciki. Soson da abokanka ke magana na ukun nan kaɗai yake taɓawa, shi ma ba duka ba. Na shafe shekaru ina haɗa ɗakunan ɗaukar murya tsakanin Gombe da Bauchi, na masu fiyano da na sha'irai masu mandiri, kuma babu kuskuren da na fi gani yana cin kuɗin matasa kamar haɗa waɗannan ayyuka biyu a ɗauka abu ɗaya ne.

Abin da ke tare sauti

Sauti girgiza ce. Lasifikarka tana tura iska, iskar ta tura bango, bangon ya ɗan motsa, motsin da ido ba ya gani, ya tura iskar da ke ɗaya gefen, kunnen Baba ya ji. Don haka abin da zai hana shi wucewa shi ne abin da ke da wuyar motsawa, wato abu mai nauyi. Ƙa'idar da masu wannan fanni ke aiki da ita ita ce, duk lokacin da ka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) biyar zuwa shida. Kunnen mutum kuwa sai an rage wajen desibel 10 yake jin ƙara ta ragu da rabi. Yanzu ka ɗauki kwalin ƙwai a hannunka, ka dubi bangon bulo mai inci tara da aka yi wa filasta ciki da waje. Me kwalin zai ƙara wa nauyinsa? Haka soso. Ka sa shi a bakinka ka hura, iska za ta fita ta ɗaya gefen. Abin da iska ke ratsawa, sauti ma ratsa shi yake yi.

Dum-dum ɗin da Baba ke ƙorafi a kai shi ne mafi taurin kai. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka bas, wato sauti mai kauri, mai girgiza 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, tsawon zangonsa ya kusa mita bakwai, ya fi ɗakinka tsawo. Soso mai kaurin inci biyu sai daga wajen 1000 Hz zuwa sama yake aiki sosai. Shi ya sa ɗakin da aka lulluɓe da soso za ka shiga ka ji ya yi tsit, ka tafa hannu babu amsa-kuwwa, ka ce aiki ya yi. Siririn sautin ne ya mutu, kaurin yana nan yana ratsa dekin kamar yadda ya saba. Har ma abin kan zama gyaran gangar Auzinawa, domin mai ɗakin ba ya jin ƙarar da ƙarfi a ciki, sai ya ƙara murɗa lasifika.

Abu uku ne ke tare sauti: nauyi, da rata tsakanin bango biyu waɗanda ba su taɓa juna ba, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Kai kuma ka yi sa'a babba da ba kowa ke samu ba. Bangonka uku ƙasa ce a bayansu, kuma babu kuɗin da zai saya maka abin tare sauti da ya kai tudun ƙasa. Kada ka kashe ko kwabo wajen kaurara waɗannan ukun. Kuɗinka na ƙofa ne, da taga, da sama, da hanyar iska.

Ruwa tukuna

Kafin mu je can, akwai abin da ya fi ƙara muhimmanci a ɗakin da ke cikin ƙasa, musamman a Gombe. Kai ɗan gari ne, ka san yadda ruwan Agusta ke gangarowa, ka kuma san yadda kwari ke cin unguwanni. Gidan da ke gangare, ruwan da ya sauka a sama yana bin ƙarƙashin ƙasa ya zo ya jingina da bangon da ya tare masa hanya, kuma bangon nan naka ne. Ka dubi gindin bangon da kyau. Idan fenti na ɓarewa, ko akwai wani farin gari kamar gishiri, ko filasta na yin ƙwal-ƙwal idan ka ƙwanƙwasa, to laima na shiga. Ka yanko leda mai kauri kamar taku ɗaya da rabi kowane gefe, ka manna ta a bango da wata a ƙasa, ka rufe gefunan ruf da salatif, ka bar su kwana biyu. Idan ka ɓare ka ga raɓa a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, ruwa na tasowa daga ginin. A damina ake wannan gwaji. Na rani ba ya nuna komai, domin a watan Maris kowane ɗaki a Gombe a bushe yake ƙayau.

Na nace a kan wannan ne saboda abin da na gani da idona a Bauchi. Wani bawan Allah ya gyara irin ɗakinka a watan Janairu, ya jera tsofaffin katifu a jikin bango, ya rufe da filawud, ya shimfiɗa kafet bango zuwa bango. Da aka kira ni a ƙarshen Satumba, tun daga matakala wari ya tare ni. Muka ɓalle filawud ɗaya, bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, katifar ka matsa ta ruwa ya ɗiga, gara kuma ta yi hanya a jikin katakon har sama. Makirfonsa mai tsada ya fara wani tsit-tsit kamar ana suya, laima ta shiga cikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ke masa amshi ya yi wata biyu yana tari. Duk aikin sai da aka fitar aka ƙone.

Daga waje ake maganin ruwa. A sa wa rufin gidan indararo ya kai ruwa nesa da ginin, a gyara ƙasar da ke jikin bango ta gangara waje, idan kuma abin ya yi yawa a tone bayan bangon a shafe shi da kwalta, a zuba tsakuwa da bututu mai huji a gindi ruwan ya samu mafita. Fentin da ake shafawa ta ciki ɓoye matsalar kawai yake yi na ɗan lokaci. Tonon jikin harsashin gini kuwa ba aikina ba ne, ba kuma aikin lebura shi kaɗai ba ne. Ka samu injiniyan gini ya tsaya a kai.

Ƙofa da taga

Idan ɗakin ya tabbata a bushe, ka fara da ƙofa, domin ina da yaƙinin ta nan janaretan maƙwabta ke shigo maka. Ƙofar ƙarfe irin ta masu walda falle ɗaya ce, tana amo kamar ganga, kuma ba ta taɓa zama daidai a cikin firam. Ga lissafin da zai ba ka mamaki: ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayin mita biyu, idan akwai ratar santimita ɗaya kacal a ƙarƙashinta, ko da dalma aka yi ta ba za ta rage ƙara fiye da desibel 23 ba. Ratar da yatsanka ba zai shiga ba ita ke kashe aikin duka.

Da daddare ka kashe fitilar ɗakin, ka rufe kanka a ciki, ka sa ƙaninka ya zagaya gefunan ƙofa da taga da tocila daga waje. Duk inda haske ya leƙo, ka sa alama da alli. Nan ne sauti ke bi.

Kada ka cire ƙofar ƙarfen, tsaro ce. Ka sa kafinta ya yi maka ta biyu ta ciki, da firam nata daban, a bar rata tsakaninsu gwargwadon kaurin bangon, ko fiye idan da hali. Ta cikin a yi ta da filawud mai kaurin milimita 18 falle biyu, a manne su da gam a ɗaure da sukurori, ba irin ƙofar nan mai ramin ciki da ake sa wa ɗakunan kwana ba. Za ta yi nauyi, don haka hinji huɗu masu ƙarfi. A zagaye firam ɗin da roba ta yadda idan an rufe ƙofar za ta danne ta ko'ina, har da ƙasa, inda za a yi ɗan dokin ƙofa da za ta jingina da shi. Ni robar ƙofar mota nake amfani da ita, wadda ake samu wurin masu kayan gyaran mota, ta fi jure zafinmu kuma tana da arha. Gwajinta shi ne ka sa takarda a tsakani ka rufe. Idan ta zaro cikin sauƙi, wurin bai danne ba. Duk tsagar da ke tsakanin firam da bulo a cika ta da siminti, a bi da silikon.

Tagar kuma hanya biyu ce. Ko a sa mata gilashi biyu masu kauri daban-daban, misali milimita 6 da milimita 10, da ratar aƙalla santimita 10 a tsakani, ko kuma a mayar da ita mashigar iska kamar yadda zan bayyana. Bangon da ke kallon fili, idan bulo mai rami ne kuma ba a yi masa filasta ta waje ba, a yi masa. Bulo marar filasta yana yoyon sauti fiye da yadda mutane ke zato.

Dekin, turmi da kujerar Baba

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne zan gaya maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, don haka magana da waƙa da sautin talabijin ba sa ratsa shi sosai. Amma abin da ya daki jikinsa kai tsaye, kamar gudun yara, ko jan kujera, ko faɗuwar murfin tukunya, wannan ba ta iska yake zuwa ba. Cikin kankaren yake bi, ya bi rodi, ya bi ginshiƙi, ya fito ta bangon ɗakinka. Daka ma haka. Na taɓa zama da wani mawaƙi muna duban muryar da ya ɗora, sai ga wasu tsinaye a jere a kan allon kwamfuta kamar haƙoran matsefi, tazararsu daidai wa daida. Muka kashe komai muka yi shiru, kunne bai ji wani abin kirki ba, amma da na ɗora tafin hannuna a ƙasa sai na ji bugun. Surukarsa ce ke dakan gero a kan daɓen siminti, ɗaki biyu tsakaninmu. Girgizar ta bi daɓe, ta hau ƙafar sandar makirfo, ta shiga waƙa.

Irin wannan ƙara a tushenta ake kashe ta, kuma nan ne maganin ya fi arha. A mayar da turmin kan ƙasa tsura, nesa da ginin, ko a ɗora shi a kan tabarmar roba mai kauri. A shimfiɗa kafet mai kauri da abin shimfiɗa a ƙarƙashinsa a falon Baba, a sa wa ƙafafun kujeru roba. Kafet ɗaya a sama ya fi maka amfani a kan gudun yara fiye da soson duniya a ƙasa. Ka je ka durƙusa ka yi wa Baba da iyayenka mata bayani da ladabi, ka saya musu kafet ɗin da kuɗinka. Wannan ma cikin kuɗin situdiyo yake.

Ta ɓangarenka kuma, ka raba lasifikunka da jikin ginin. Kada ka rataye su a bango, kada ka ajiye su a kan tebur ɗin da ya jingina da bango. Ka yi musu ƙafafu, bututun ƙarfe da aka cika da busasshen yashi ya isa, ka sa roba mai laushi a ƙarƙashin kowace. Babbar lasifikar bas kuwa ka haƙura da ita a wannan ɗaki. Ɗakin ƙafa 12 da 14 ba ya buƙatarta, kuma ita ce za ta haɗa ka da Baba.

Idan ka yi waɗannan duka abin bai isa ba, sai a zo ga silin na biyu. Ana rataye shi ne a ƙarƙashin dekin ba tare da ya manne da shi ba, ko dai da marataya masu roba ko sifirin, ko a kan katakan da suka zauna a kan sabon bangon ciki. A sa allon jifsam mai milimita 12 falle biyu, gaɓoɓin na biyu kada su hau kan na farko, a cika ratar da audugar dutse, wadda 'yan kasuwa ke kira rokwul, a toshe gefuna da silikon. Silin roba ko na POP siriri ado ne, ba su da nauyin da ake bukata. Zai ci maka santimita 15 zuwa 20 na tsayi, ɗakinka kuma ƙafa takwas ne kawai, don haka ka auna da kyau ko dogon mutum zai iya tsayawa ya rera waƙa bai ji a takure ba.

Sirrin wannan aiki shi ne kada komai mai tauri ya haɗa sabon silin da tsohon gini. Mun taɓa gama wani ɗaki da bango biyu da silin biyu, muka kunna kiɗa, ƙarar na fita kamar ba a yi komai ba. Na ɗauki dogon sukundireba, na kafa bakinsa a bango na sa ƙotar a kunnena, ina bi taku-taku har na iso wata kusurwa inda sautin ya yi ƙarfi. Da muka buɗe, kafinta ne ya ga katako na rawa, ya ɗauko guntun katako ya buga ƙusa huɗu ya haɗe bangon ciki da na waje don aikin ya yi ƙwari. Da niyyar alheri ya yi. Ƙusoshin nan huɗu sun zama gada, sautin ya bi ta kansu ya ƙetare. Don haka ranar da ake wannan aiki, kada ka tafi ko'ina, ka tsaya a kan masu aikin ka yi musu bayanin dalili.

Ko da an yi shi daidai, ba zan yi maka alkawarin Baba ba zai ji komai ba idan ka buga ganga ko mandiri uku da tsakar dare. Wannan sai cikakken ɗaki a cikin ɗaki, har da daɓe mai zaman kansa, kuma kuɗinsa da tsayin da yake ci sun fi ƙarfin wannan wuri. Ga mai fiyano da murya kamarka, ba ka bukatarsa.

Numfashi, zafi da gobara

Duk abin da na faɗa a sama yana nufin toshe ɗakin ruf, kuma ɗakin da sauti ba ya fita, iska ma ba ta shiga. Ɗakinka yana ɗaukar iska kimanin kubik mita 38 a cikinsa. Ku uku a ciki, kai da 'yan amshi biyu, cikin awa ɗaya iskar kabon da kuke fitarwa a numfashi za ta taru ta ninka wadda ke cikin iskar waje sau huɗu ko fiye. Daga nan sai ciwon kai, da kasala, da murya ta ƙi hawa, a ce ko mayu ne. Na'urar sanyaya ɗaki mai raba biyu tana da kyau don zafin Maris da Afrilu, tana kuma rage laima, amma iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa.

Abin da ake yi shi ne hanya biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, kowace ta bi ta cikin akwatin filawud mai kauri da aka raba cikinsa da alluna ta yadda iska za ta sha kwana sau uku ko huɗu kafin ta wuce, an kuma lulluɓe cikin da abin shanye sauti da aka rufe da yadi. Iska tana iya shan kwana, sauti kuwa kowace kwana sai ya rasa ƙarfi. Hanyar ta zama mai faɗi don iskar ta tafi a hankali ba ta huci, fankar da ke ja kuma a sa ta can waje. Tagarka ta sama za ta iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu.

Janareta kada ya kusanci ɗakin nan, ko matakalarsa, ko bakin mashigar iskarsa. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari marar launi, kuma dukanmu mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a kusa ba su tashi ba. A ajiye shi a fili, aƙalla mita shida daga kowace kafa, bakin salansar na kallon wani gefen. Idan da hali, inbata da batir da sola sun fi dacewa da situdiyo nesa ba kusa ba, domin ba su da ƙara, kuma kwamfuta da fiyano da ƙananan lasifiku ba sa cin wuta da yawa. Ka sa mai gyaran wuta ya kafa maka sandar at ta gaske, wato ƙarfen da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Wani gurnani da ake ji a ɗauka, wanda mutane ke ɗora wa maƙwabta, sau da yawa na wutar lantarki ne mai 50 Hz, kuma babu bangon da zai cire shi.

Sai gobara, wadda ita ce babban dalilin da ya sa nake ƙin soson katifa a bango. Yana kamawa kamar fetur, hayaƙinsa kuma yana kashewa kafin wutar ta iso. A shekarar 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka, bayan tartsatsi ya kama soson da aka manna don rage ƙara. A 2013 irin haka ta faru a garin Santa Mariya na Brazil, mutum 242. Ɗakinka ƙofa ɗaya gare shi, kuma a ƙarƙashin iyalinku yake. Audugar dutse ba ta ci da wuta, allon jifsam ma yana jure ta. Ka rataye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa, kada a taɓa sa kwaɗo ta waje alhali da mutum a ciki, kuma ƙofar ciki ta zama mai buɗewa da hannu ɗaya ko a duhu.

Gyaran cikin ɗaki

Wannan shi ne mai daɗin aikin, kuma ba shi da tsada. Kafinta ya yi maka firam na katako, faɗi ƙafa biyu, tsawo ƙafa huɗu, zurfi inci huɗu, a cika da audugar dutse, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Ka gwada yadin da bakinka, idan ka hura ya wuce to ya yi. Ranar yankan audugar ku sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi. Guda takwas zuwa goma sun ishe ka farawa. A rataye su da 'yar rata tsakaninsu da bango, hakan na ƙara musu kama kaurin sauti, yana kuma barin bangon ya sha iska, abin da ɗakin ƙasa ke matuƙar bukata.

Teburinka ya kalli gajeren bango, kujerarka ta zama kamar ƙafa biyar da 'yan kai daga bangon gaba. Kada ka zauna a tsakiyar ɗaki cif, nan bas ke ɓacewa. Tsawon ɗakinka da faɗinsa da tsayinsa za su riƙa kumbura sautin wajen 40 da 47 da 70 Hz, shi ya sa za ka ji wani maɓallin fiyano ya cika ɗaki, na kusa da shi kuma kamar ba a taɓa shi ba. Kusurwoyi ne matattarar wannan, don haka allunan da suka fi kauri a gicciye su a kusurwa daga ƙasa har sama. Sauran, ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a madubin, allo ya hau nan. Ɗaya ko biyu a sama da kanka. Kada ka rufe bangon duka, ɗakin da ya mutu murus yana gajiyar da mawaƙi, muryarsa ta fito a bushe.

A ƙasa ka bar siminti ko tayil, ka sa darduma da za a iya naɗewa a shanya a rana.

Akwai kuma dabarun da ba sa cin ko sisi. Makirfo irin na dainamik, kamar Shure SM58 da ake riƙewa a dandali, ba ya kwasar hayaniyar nesa kamar na kondensa, kuma duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan desibel shida a kan hayaniyar ɗaki. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a layin murya, yawancin gurnanin janareta da bugun ƙasa a can suke. Ka lura da gidanku na mako guda ka rubuta lokutan da ya fi shiru, wataƙila da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ka mayar da su lokacin ɗora murya. Kiran sallah dama kowa tsayawa yake yi. Tace kiɗa da daddare kuma ka yi shi da abin sawa a kunne, ka bar lasifika sai da rana, a kuma sauti madaidaici, domin kunnen nan shi ne jarinka.

Ban ga ɗakin da idona ba, don haka ban san ko akwai bututun ruwa ko na wayar wuta da ya ratsa dekin zuwa falo ba, kuma irin wannan huji ɗaya na iya canza duk lissafin. Ka duba, idan akwai ka toshe gefunansa. Sannan ka yi wannan gwaji kafin ka sayi komai: ka kunna kiɗan da ka saba a ƙarfin da ka saba, ka hau falo ka zauna a kujerar Baba, ka sa kunne a ƙasa, ka sa a bango, ka je bakin matakala, ka zagaya ta wajen taga. Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka ka rubuta lambar kowane wuri. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma za ta nuna maka bambanci kafin gyara da bayansa. Ka yi gwajin leda idan ruwa ya sauka, ka yi na tocila a daren nan, sannan ka turo min lambobin da hoton ƙofar da na gindin bangon, in gaya maka ko kana bukatar silin na biyu ko ƙofa da kafet sun wadatar.